Lafiyar Al'umma: Abin da Ke Faruwa Kafin a Kai Mutum Asibiti

Kiwon lafiyar al'umma fanni ne na ilimi da aiki da ke kula da lafiyar jama'a a dunƙule, wato unguwa ko ƙauye ko gari ko ƙasa baki ɗaya. Likitan asibiti mara lafiya ne ke zuwa ya same shi, ya duba shi, ya rubuta masa magani. Ma'aikacin lafiyar al'umma tambayarsa daban ce. Idan aka kawo yara da yawa daga layi ɗaya suna amai da gudawa cikin mako guda, so yake ya san daga wace rijiya suke sha, ina suke zagayawa, kuma me ya sa yaran layin gaba ba su kamu ba. Fannonin biyu ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa. Sai dai matasa da yawa sun tashi da tunanin cewa harkar lafiya daga ƙofar asibiti take farawa, alhali yawancin sababan da ke kwantar da mutum ko su bar shi a tsaye suna can a bakin rijiya, a murhu, a makaranta, a kasuwa da kan titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1948, ta bayyana a kundin tsarinta cewa lafiya ta ƙunshi walwalar jiki da ta tunani da ta zamantakewa, ba rashin ciwo kaɗai ba. Wasu masana suna ganin ma'anar ta yi faɗi da yawa, domin da wuya a samu wanda ya cika ta. Duk da haka tana da amfani, saboda ta jawo magini da injiniyan ruwa da malamin makaranta da mai tsara kasafin kuɗi cikin zancen da a da ake ɗauka na likitoci ne kaɗai.

Matakin farko a wannan fanni shi ne ƙirga. Ba a iya gane ciwon gari da kallon mutum ɗaya, dole sai an san nawa suka kamu, a ina, yaushe, kuma cikin mutum nawa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa. Mutuwar mutum hamsin a birnin da ke da miliyoyi da mutuwar hamsin a ƙauyen da bai kai mutum dubu ba, ba labari ɗaya ba ne. Shi ya sa ake auna mutuwar yara da adadin da ke rasuwa cikin kowace haihuwa 1,000. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kuma matsakaici yakan ɓoye gaskiya: jihohin arewa maso yamma sun zarce shi sosai, wasu jihohin kudu maso yamma kuwa ba su kai ko rabinsa ba. Jinin yaron Kebbi bai bambanta da na yaron Ogun ba. Bambancin yana cikin ruwan da ake sha, abincin da ake samu, karatun uwa, da nisan asibiti. Gano irin wannan bambanci da bin sawunsa har tushe shi ne zuciyar aikin.

Misalin da ake fara koya wa ɗalibai ya faru ne a birnin Landan a 1854. Kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. A lokacin yawancin likitoci sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska da wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow bai gamsu ba. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kowane gidan da aka yi rashi. Alamomin suka taru a kewayen famfo guda da ke titin Broad. Ya kuma lura da waɗanda ba su kamu ba: ma'aikatan wata masana'anta da ke kusa, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, sun tsira. Ya kai hujjarsa ga hukumar unguwa, aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa an haƙa rijiyar famfon dab da wani tsohon ramin masai. Abin lura shi ne Snow bai taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba. Sai bayan kusan shekara 30 Robert Koch ya tabbatar da ita. Ke nan ana iya tare annoba tun kafin a san komai game da ita, muddin an gano hanyar da take bi.

Abin da ya biyo baya a Turai ya ƙara fito da darasin. Bayan warin kogin Thames ya addabi Landan a 1858, an gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin birnin. Aka fara tace ruwan sha, daga baya aka riƙa sa masa sinadarin kilorin. Mutuwar da kwalara da taifot ke haddasawa ta faɗi warwas tun kafin a samu maganin fenisilin, wanda bai shiga hannun jama'a ba sai a shekarun 1940. A ƙasar Hausa ma dattawa suna tuna zamanin duba-gari, wanda kan shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, ya ci tarar wanda ya bar ƙazanta. An ji tsoronsa fiye da yadda aka so shi, kuma tsarin yana da nasa zalunci irin na zamanin mulkin mallaka, amma tushen tunanin daidai yake: ƙazantar gida ɗaya ba ta tsayawa a gidan.

Hanyar da cututtukan ciki ke bi gajera ce kuma ba ta da daɗin faɗi: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Kwalara da taifot da shan inna da yawancin gudawar yara duk ta nan suke wucewa, ko ta ruwa, ko ta hannu, ko ta ƙuda, ko ta ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwatami. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da ke da wuya a cunkusassun unguwannin birni inda kowa ke haƙa nasa a ɗan filin da ya samu. Ruwa yana iya fitowa da tsabta daga burtsatse ya gurɓace a hanya, a jarkar ɗan garuwa da ba a wankewa, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa da hannunsa. Idan damina ta yi ƙarfi, ambaliya ta haɗe ruwan masai da na rijiya, a nan kwalara ke samun ƙofa. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin taɓa abinci, yana rage gudawa ƙwarai. Ruwan buta kaɗai yana cika sharaɗin tsarki, amma ba ya kawar da ƙwayoyin cuta kamar yadda sabulu ke yi, kuma babu saɓani tsakanin yin duka biyun.

Labarin kurkunu ya isa hujja ga mai shakka. Matasan yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba, alhali kakanninsu sun san shi sarai: tsutsa ce mai tsawon kusan mita guda da ke fitowa ta ƙafa a hankali, ana naɗe ta a ɗan tsinke har tsawon makonni, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Abin da aka yi shi ne koya wa mutane tace ruwan tafki da ƙyalle, hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan sha, haƙa rijiyoyi, da naɗa ɗan sa-kai a kowane ƙauye ya riƙa kai rahoto. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ja gaba, Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. An ga mai ciwon na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da shi.

Irin wannan sauƙi ne ke tattare da ruwan gishiri da sukari. Abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari na asibiti ya ƙare wa wani likitan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis, sai ya sa dangin marasa lafiya suka riƙa ba su haɗin gishiri da sukari ta baki. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Hikimar ita ce hanji yana shanye gishiri da ruwa da sauri idan akwai sukari tare da su. Wanda ake sayarwa a ƙunshi ya fi daidaito, amma idan babu, ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe, cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Ana haɗawa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina shayarwa ko ba da abinci. Duk wanda ke da ƙanne a gida ya kamata ya haddace wannan awo.

Ginshiƙi na biyu bayan ruwa da tsabta shi ne allurar rigakafi. Aikinta shi ne nuna wa garkuwar jiki wani sashe na ƙwayar cuta, ko ƙwayar da aka raunana, domin jiki ya gane ta ya shirya mata kafin ta gaske ta iso. Edward Jenner ya fara gwada wannan kan cutar agana a Ingila a 1796. Agana ta bar zane a fuskokin mutane da yawa a ƙasar Hausa, ta makantar da wasu, ta kashe wasu. Dabarar da ta gama da ita a duniya a gabashin Nijeriya aka fara gwada ta a ƙarshen 1966, lokacin da allura ta yi wa likita William Foege ƙaranci, ya yanke shawarar a nemo duk mai ciwon a yi wa waɗanda ke kewaye da shi kaɗai. Cutar ta rasa inda za ta tsallaka. An ga na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a Somaliya a 1977, aka ayyana kawar da ita a 1980.

Rigakafi ba na wanda aka yi wa kaɗai ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi. Cuta mai yaɗuwa kamar gobara ce a unguwar bukkoki: idan yawancin ɗakunan na ƙasa ne, wutar takan mutu kafin ta kai ga 'yan bukkokin da suka rage. Jaririn da bai isa allura ba, da yaron da ke fama da tamowa, da mai ciwon da ya raunana garkuwarsa, duk maƙwabta ne ke kare su. Ƙyanda tana da saurin yaɗuwa sosai, har sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafi kafin a toshe mata hanya. Inda aka yi sakaci, tsofaffin cututtuka kan dawo. Mashaƙo, wanda ake ganin ya zama tarihi, ya sake ɓarkewa a Nijeriya daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin waɗanda suka kamu yara ne da ba a kammala musu allura ba.

Sanƙarau ya fi kowace cuta nuna yadda yanayin ƙasa ke shiga cikin lamarin. Akwai wani zirin ƙasa daga Senegal zuwa Habasha, wanda ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da Chadi da Sudan, inda cutar ke tashi lokacin rani. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, kwana cikin cunkoso a ɗakin da ba taga kuma yana sauƙaƙa yaɗuwa. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2010 aka fara amfani da wata sabuwar allura mai rahusa da aka ƙera musamman domin wannan yanki, aka soma da Burkina Faso da Mali da Nijar. Nau'in da ke haddasa manyan annobobin ya kusan ɓacewa, sai wasu nau'o'in suka riƙa ɓullowa, shi ya sa a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ke kare nau'i biyar.

A cikin wannan annoba ta 1996 ne aka yi abin da ya daɗe yana yi wa fannin illa. Kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan kan yara a Kano, cikin gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa an sa wa ɗigon shan inna abin hana haihuwa, ta tarar da zukatan da suka riga suka yi rauni. Wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai a tsakiyar 2004. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, amma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya, kuma yara da yawa sun shanye. Mutane suna kuma da tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin su har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali idan yaro ya kamu da zazzaɓi babu magani a asibitin garin? Ba a ci nasara ba sai da aka saurari wannan tambaya, aka shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa, da waɗanda cutar ta nakasa su da kansu. An ga na ƙarshe da ya kamu da asalin ƙwayar a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Yarda tana cikin kayan aikin wannan fanni, kuma hakkin kiyaye ta yana kan ɓangarori biyu: hukuma ta faɗi gaskiya, jama'a kuma su tantance labari. Matashin da ke riƙe da waya yana da hannu a nan kai tsaye, domin saƙon murya guda da aka tura a WhatsApp ba tare da bincike ba yana iya hana unguwa guda kai yara allura.

Killace masu cuta da taƙaita zirga-zirga lokacin annoba ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa masu ganin hakan gudun ƙaddara ne cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. A zamanin yau ana ƙara wa wannan bibiyar duk wanda ya yi hulɗa da mai ciwon. Da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola a watan Yulin 2014, likita Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu ta rasu. Jami'an da suka ƙware a yaƙi da shan inna suka bi sawun mutum kusan 900, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. A ƙasa mai miliyoyin jama'a, cutar ta tsaya kan mutum 20, takwas suka rasu, kuma a watan Oktoba aka ayyana ƙasar ta tsira.

Ƙwayar cuta dai ba ta zaɓen mutum, amma talauci yana zaɓar mata. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi zurfi a fannin, wato yanayin da aka haifi mutum, ya girma, yake aiki, ya tsufa a ciki. Yaron da bai ƙoshi ba ƙyanda ko gudawa kan kayar da shi, ciwon kuma ya ƙara ramar da shi, haka abin ke zagayawa. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne ke gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tsumburewar da aka yi a lokacin da wuya ta gyaru daga baya. Shi ya sa ake nanata ba jariri dakashi maimakon zubar da shi, da shayar da nono zalla har wata shida ba tare da ruwa ba, domin nono yana ɗauke da ruwan da ya isa ko a zafin bazara. Tamowa takan yi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai iso ba, kuma daidai lokacin ne sauro ke yawa. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Gidan sauro mai magani, cike kududdufai, gwajin jini kafin shan magani, da maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, su ne makaman da aka tabbatar suna aiki.

Cikin duk abubuwan da aka auna, kaɗan ne suka kai karatun uwa tasiri. Masanin alƙaluman jama'a John Caldwell ya nuna haka a 1979 da bayanan da aka tattara a Nijeriya: 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi rayuwa, ko da an kwatanta gidajen da arzikinsu ɗaya ne. Macen da ta yi karatu takan gane alamar haɗari da wuri, ta karanta awon magani, ta yi wa ma'aikacin asibiti tambaya ba tare da tsoro ba, kuma ana jin maganarta a gida. Mutuwar mata wajen haihuwa ma ba a ɗakin haihuwa take farawa ba. Masana sun lissafa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, wataƙila saboda maigida ba ya nan kuma ba wanda zai ba da izini, jinkirin isa saboda rashin mota ko lalacewar hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda babu jini ko wuta ko ungozoma. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda duk ana iya maganinsu idan an zo da wuri, kuma doguwar naƙuda ce babbar hanyar yoyon fitsari. Saurayin da zai yi aure yana iya kawar da jinkiri na farko tun yau, ta hanyar ba da izini a buɗe, tanadin kuɗin mota, da sanin rukunin jininsa da na matarsa. Gwajin jini kafin a sa rana ma yana nan: idan namiji da mace duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila.

Sana'a ma tana iya shigo da ajali har tsakar gida. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Yaran suna suma suna jijjiga, maganin zazzaɓi ba ya yi musu aiki. Bincike ya gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kawo duwatsun ma'adinai gida ana daka su ana niƙa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ba a iya fara ba da maganin fitar da gubar da fa'ida ba sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar zai sake kamuwa. Hana haƙar gaba ɗaya bai yi aiki ba tunda ita ce abincin mutane. Abin da ya fi amfani shi ne fitar da niƙan daga cikin gari, jiƙa dutsen kafin a niƙa, da sauya tufafi da wanka kafin a shiga gida. Hayaƙin icce da gawayi a rufaffen madafi shi ma guba ne da ba a ɗauka da muhimmanci, alhali yana cikin manyan sababan ciwon huhu ga mata da yaran da ke goye a bayansu.

Yayin da ake fama da waɗannan, wasu cututtukan da ba sa yaɗuwa sun shigo da ƙarfi. Hawan jini ba ya ba da sanarwa, sau da yawa sai an samu shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta lalace ake gane shi, kuma awonsa bai fi minti biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma shisha ba ta fi ta sauƙi ba. Haɗarin mota da babur yana kashe kusan mutum miliyan 1.2 a shekara, shi ne ma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Hular kwano ba kwalliya ba ce. Shaye-shayen kodin ya kai matsayin da gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, amma hani kaɗai bai taɓa zaman banza da damuwar da ke tura matasa ga kwalbar ba. Akwai kuma al'adar sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ko hannun mai talla a sha guda biyu a ajiye. Wannan yana koya wa ƙwayoyin jure magani, kuma ƙwayar da ta jure a jikin wani ita ce za ta kama maƙwabcinsa.

Tsarin da aka ɗora wa duk wannan nauyi shi ne kiwon lafiya a matakin farko. Taron Alma-Ata na 1978 ya amince cewa a kai muhimman ayyuka kusa da inda mutane ke zaune, da sa hannunsu. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya fi kowa tsayawa kan wannan, kuma a 1992 aka kafa hukumar kula da shi ta ƙasa. Matsalar da ba ta gushe ba ita ce kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa, kuma a Nijeriya mafi yawan kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fita. Sabon ginin asibiti yana da daɗin buɗewa da almakashi, gyaran bututun ruwa ko biyan albashin ungozomar ƙauye kuwa ba ya jawo 'yan jarida, domin annobar da aka hana aukuwa ba wanda ke ganinta. Matashin da ya fahimci haka zai san tambayar da ta dace ya yi wa kansila ko ɗan majalisa: ko firjin ajiye allura na asibitin mazaɓa yana aiki, ko akwai ma'aikaci da dare, ina ake zubar da sharar kasuwa.

Fannin yana da ƙofofin shiga da yawa ga mai son ya mai da shi sana'a. Kwalejojin fasahar lafiya da makarantun tsabta suna horar da jami'an lafiyar al'umma da na tsabtar muhalli, makarantun jinya suna yaye ungozomomi, jami'o'i kuma suna koyar da ilimin annoba da ƙididdiga da abinci mai gina jiki. Ƙarancin ma'aikata mata a karkara babban giɓi ne, domin a gidaje da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga ta ga mai jego. Wanda ba wannan ce hanyarsa ba yana da kwamitin ci gaban mazaɓa, da aikin gayya na yashe kwata kafin ruwan farko, da ba da jini, da kai rahoto ga asibiti mafi kusa idan aka ga mutane da yawa da ciwo iri ɗaya ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Akwai kuma katin rigakafin ƙanne da 'ya'yan yayye, wanda ya kamata a duba ko an cike shi: allurar ranar haihuwa, ta mako 6 da 10 da 14, ta wata 9, da ta biyu ta ƙyanda a wata 15.